Likita, Jikina Ba Ya Shiri da Tumatir da Danginsa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyalinka da abokan aikinka na gidan rediyo, na rubuto maka wannan wasiƙa ne a kan wata lalura da ta daɗe tana damuna, wadda a 'yan watannin nan ta wuce matsalar jikina ni kaɗai, ta shiga cikin zamantakewar gidanmu. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina zaune a Zariya, ina koyarwa a wata makarantar firamare, ina da 'ya'ya uku, kuma yanzu haka ina ɗauke da juna biyu wata huɗu. Ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon bayanina, domin duk lokacin da na taƙaita shi ga wani, amsar da nake samu ita ce borin jini ne kawai, in sha ƙwaya zai wuce.

Tun ina yarinya na san cewa idan na ci ɗanyen tumatir, ko aka ba ni yalo ko gauta na gutsura, leɓena da cikin bakina sukan ɗauki ƙaiƙayi, wani lokaci har leɓen sama ya ɗan tasa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan shafa mini manja ta ce in daina sosawa, kuma kafin a jima abin ya lafa, saboda haka babu wanda ya ɗauke shi ciwo, har ni kaina. Sai da na yi aure girki ya koma hannuna sannan abin ya fara nuna kansa sosai. Idan na zauna ferayar dankalin turawa, kafin in gama rabin kwano tafin hannuna da tsakanin yatsuna sun yi ja suna ƙaiƙayi, atishawa ta kama ni, idanuna suna zubar da ruwa. Idan na wanke kayan miya na yayyanka tumatir, duk inda ruwansa ya gangara a hannuna sai wajen ya yi rudu-rudu kamar an zane ni da tsumagiya. Ga kumburin ciki da ƙwarnafi bayan cin abinci, waɗanda aka yi ta ba ni maganin olsa a kansu shekara da shekaru ba tare da na ga wani canji mai ɗorewa ba.

Akwai wani lokaci da ya kamata in gane bakin zaren, amma ban lura ba. A shekarar 2016, lokacin da ƙwaron nan da wasu suka laƙaba wa sunan ebolar tumatir ya cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har tumatir ya gagari talaka, gidanmu ya koma kan miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi na tsawon makonni. A wannan tsakanin fatata ta yi luwai-luwai, ƙurajen da ba sa rabuwa da wuyana da gwiwar hannuna suka baje, na kuma riƙa yin barci ba tare da sosa ba. Na ɗauka wani man shafawa ne da na canza ya karɓe ni. Da tumatir ya dawo kasuwa muka koma jar miya, ƙurajen suka dawo tare da shi, ni kuwa na ci gaba da neman laifin sabulu da ruwan rijiya da zafin gari.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne a azumin da ya wuce. Mun sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai, sannan aka kawo doya da miyar yalo, ga kuma haɗin latas da aka yanka wa ɗanyen tumatir mai yawa, kuma da yake na yini da yunwa na ci sosai. Ba a kira sallar isha'i ba na ji fuskata ta yi nauyi, leɓena ya kumbura har ina ganinsa da idona ba tare da madubi ba, jikina ya feso da borin jini tun daga wuya har cinya. Da na buɗe baki zan kira maigida sai na ji muryata ta dishe, maƙogwarona kamar an ɗaure shi da igiya, numfashina yana fita da wani sauti irin na mai asma. Ina tuna babbar 'yata tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da butar alwala, ta kasa ajiye ta, ta kasa kuka, tana kallona kawai. Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a adaidaita sahunsa, kuma jiri ya kwashe ni tun kafin mu isa. Allah ya sa likitan da muka tarar ya gane abin nan take, ya yi mini allurar adiranalin a cinya, aka sa mini iskar numfashi da ƙarin ruwa, na kwana a can. Da safe ya gaya wa maigida a gabana cewa sunan abin anafilaksis, cewa garkuwar jikina ce take ɗaukar wani abu da ke cikin abincin a matsayin abokin gaba ta yi masa bore, kuma da mun tsaya shafa manja ko neman ƙwaya a kemis, da labarin ya iya zama wani daban. Ya ce in ƙaurace wa tumatir da yalo gaba ɗaya har sai na ga ƙwararre a asibitin koyarwa, inda ake gwajin fata da na jini.

Ƙanena, wanda yake karatun aikin gona a Samaru, shi ne ya haɗa mini abubuwan da na ɗauka ba su da alaƙa da juna. Ya ce tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, yalo, gauta da dankalin turawa duk dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, dangin da suke kira Solanaceae, mai nau'o'i fiye da 2,000. Har furannin tumatir da na yalo da na barkono ya tsinko mini ya jera a kan faranti, kuma lallai kowanne yana da siffar tauraro da ɗan tsini a tsakiya, ko da launinsu ya bambanta. Abin da ya fi girgiza ni shi ne da ya ce taba da zaƙami ma 'yan gidan ne. Ya yi mini bayanin cewa waɗannan tsirrai suna ƙera wasu sinadarai masu ɗaci domin kare kansu daga ƙwari, kamar solanin da yake taruwa a dankalin turawa idan ya sha haske ya yi kore ko ya fara tsiro, wanda yake iya sa kowa amai da gudawa ko da ba shi da irin lalurata, kuma dafuwa ba ta kawar da shi yadda ya kamata. Zafin barkono kuwa daga wani sinadari ne daban mai suna kafsaisin. Ya kuma kwantar mini da hankali cewa dankalin Hausa ba ya cikin dangin duk da sunansu ya zo ɗaya, haka ma masoro da citta da kimba da kanumfari.

Daga nan na sayi littafin rubutu na musamman, na shafe mako shida ban bari ko ɗaya daga cikin dangin nan ya shiga bakina ba, ina rubuta abin da na ci da abin da na ji kowace rana. Kafin mako na uku ya ƙare, ƙwarnafi ya tafi, kumburin ciki ya tafi, hannuwana suka warke har zobena da ya daɗe ba ya shiga ya shiga. Bayan haka, kuma a nan dole in faɗa maka gaskiya ko da za ka yi mini faɗa, na gwada wasu daga cikinsu da kaina, a ranakun da maigida yake gida. Dafaffen dankalin turawa da wani ya feraye mini bai yi mini komai ba, alhali taɓa ɗanyensa yana tayar mini da atishawa da ƙaiƙayi har gobe. Yajin barkono kaɗan a kan ɗanwake ya sa mini zafin ciki da gudawa, amma babu kumburi, babu ƙuraje. Tumatir da yalo da gauta kuwa ban yi gigin kusantarsu ba. Sau ɗaya tak dafaffen tumatir ya shiga cikina bisa kuskure, a wani suna da aka zuba mini shinkafa da ludayin da aka ɗebi miya da shi, kuma a daren na kwana ina sosa, na tashi da fatar ido a kumbure.

Wannan ne ya kawo ni ga tambayata ta farko, wadda ita ce ta fi hana ni sukuni. Likitan da ya duba ni ya ce akwai bambanci tsakanin boren garkuwar jiki, wanda yake zuwa da sauri cikin mintuna har zuwa awa biyu kuma yake iya kisa, da rashin jituwar abinci da ciki, wanda yake wahalarwa amma ba ya toshe numfashi. A nawa lissafin, tumatir da yalo suna cikin kashi na farko, barkono yana cikin na biyu, dankalin turawa kuma yana tsakani. Shin wannan rabon da na yi yana da tushe a likitance, ko kuwa wanda jikinsa ya yi wa ɗaya daga cikin dangin bore wajibi ne ya rabu da su duka? Shin cin dafaffen dankalin da nake yi yanzu ganganci ne da zai iya juyewa wata rana ba zato? Ina so in san iyakar abin da ya zama dole in bari, domin kowane abu ɗaya da na cire daga tukunya yana da tsada a gida irin namu, kuma ba tsadar kuɗi kaɗai nake nufi ba.

Likita, kai ma ka san yadda girkin Bahaushe yake a yau. Da wuya a ɗora tukunya ba a fara da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ba, in babu ɗanye akwai kauɗa, in babu kauɗa akwai na gwangwani ko na leda. Dafaduka, jar miya, fate, miyar taushe, kwaɗon zogale, har miyar kukar ma yanzu sai an jefa mata jajjage. Tsire da kilishi da awara ba sa tafiya sai da yaji. Mu biyu ne a wurin maigida, muna karɓar girki kwana bibbiyu, kuma mahaifiyarsa, Hajiya, tana zaune tare da mu. Ranar girkina tukunya biyu nake ɗorawa, tawa da ta gida, kuma ita ta gidan sai na jira 'yata ta dawo daga islamiyya ta yanka mini kayan miya, ni kuma in tsaya nesa da tururin. Ranar girkin abokiyar zamana, wadda ban taɓa ganin mugunta a tare da ita ba, dole in sake hura wuta in dafa nawa, abin da daga waje yake kama da na ƙi cin abincinta. Ko markaɗe ya zama abin fargaba, domin injin unguwarmu guda ɗaya ne, shi yake niƙa kayan miya shi yake niƙa wake da gero, kuma abin da yaron injin yake yi tsakanin wannan roba da waccan bai wuce ya watsa kofi ɗaya na ruwa ba. Na taɓa tsayawa a kansa na ga ƙullun ƙosaina yana fitowa da jan tumatirin matar da ta riga ni, na biya kuɗin, na kawo gida na soya wa yara, ni kuma na sha shayi na kwanta.

Hajiya mace ce mai kirki, ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ranar da aka kawo ni gidan, kuma ita ce ta kwana tana yi mini addu'a daren da aka kai ni asibiti. Sai dai har yau zuciyarta ba ta yarda cewa kayan miya za su iya yi wa mutum haka ba. Takan ce tun tasowarta ba ta taɓa jin wanda tumatir ya kwantar ba, saboda haka ko dai iska ce, ko kuma wani ne ya sa mini hannu, ta kuma sa an kawo mini rubutu da hayaƙi da wani jiƙo. Rubutun na sha, addu'a kuwa ba na wasa da ita, amma jiƙon na ajiye shi saboda ba a gaya mini abin da ke ciki ba, ga kuma juna biyu, kuma na ga alamar hakan ya sosa mata rai. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar sa hannu ta fara jefa zargi a kan abokiyar zamana, baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, har ta kai ta daina aiko mini da ko ruwan zafi don gudun abin da za a ce. A wajen biki da suna kuma, idan na ce na gode ba zan ci ba, wasu su ce iyayi ne irin na 'yan boko, wasu su ce girman kai. Wata 'yar'uwar maigida ta taɓa ce mini in daure in riƙa ci kaɗan-kaɗan har jikina ya saba, kuma na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ni da na ji yadda maƙogwaro yake rufewa na san abin da take kira na da in gwada. Ina roƙon ka yi magana a kan wannan shawara musamman, domin tana yawo a bakin mutane ƙwarai.

Ƙanena ya ce tumatir da barkono da dankalin turawa asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su iso sauran duniya ba sai bayan shekarar 1492, yayin da gauta take tsiron Afirka tun asali. Na yi tunanin kakata a ƙauye, wadda take kaɗa miya da daddawa da kuka da ɗan busasshen kifi a ci a lashe hannu, sai na ji ƙarfin gwiwar komawa ga irin girkinta. Yanzu nakan dafa karas da kabewa da albasa mai yawa in niƙa su a turmina, in ɗiga ruwan tsamiya ko in jefa yakuwa don ɗan tsami, in sa citta da masoro a madadin attaruhu, kuma miyar tana karɓar shinkafa da tuwo. Amma ina da damuwa a kan abin da ke cikina. Na san tumatir da tattasai suna da bitamin C mai yawa, to shin lemo da gwaiba da zogale da nake ci sun isa su cike gurbin, ko akwai abin da ya kamata a ƙara mini a wajen awo?

Akwai kuma wani abu da ya faru wanda ya ƙara mini tsoron haihuwar da ke gabana. Na sayi safar hannu ta roba don in riƙa yin aikin kicin da ita, amma ban yi minti goma da sa ta ba hannuwana suka kumbura fiye da yadda tumatir yake sa su. Da na ba wata ma'aikaciyar jinya labari a wajen awo, sai ta ce akwai mutanen da jikinsu yake yi wa ƙaron roba bore, kuma sau da yawa irin waɗannan mutane ba sa shiri da ayaba da fiya da tumatir da ɗanyen dankalin turawa, saboda wasu sinadaran da ke cikinsu suna kama da juna. Tun daga ranar nake tunanin ɗakin haihuwa, inda kowane hannu da zai taɓa ni yana cikin safar roba. Me ya kamata in gaya wa masu karɓar haihuwa tun yanzu, kuma wane tanadi zan yi da kaina idan asibitin ba shi da wata safar da ba ta roba ba? Shin ana iya yi wa mai juna biyu gwajin fatar da aka ambata mini, ko na jini ne ya fi dacewa, ko kuwa sai na sauka? Ƙwayar Piriton da nake ajiyewa a jaka, ya halatta in sha ta a wannan hali da kuma lokacin shayarwa? An kuma gaya mini cewa ƙwaya ba ta tsayar da anafilaksis, adiranalin ne kaɗai maganinsa na gaggawa, kuma a wasu ƙasashe masu irin lalurata suna yawo da allurar a jikinsu. Mu da tsakaninmu da asibiti akwai tafiyar kusan rabin awa, mene ne abin da ya kamata mutanen gida su yi a mintunan farko, kuma yaya za su kwantar da ni kafin a sami abin hawa?

Sai batun ƙaramar 'yata mai shekara 6. Kwanan baya ta ci taliya da miya, na ga gefen bakinta ya yi ja inda miyar ta taɓa, bai kumbura ba, bai kuma yaɗu ba, ya ɓace kafin awa ɗaya. Mahaifina ya yi fama da asma har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka zuciyata ta tsinke. Maigida ya ce tsamin tumatir ne kawai ya ci mata fata, kada in ɗora wa yarinya ciwon da ba ta da shi, kuma ina ganin maganarsa tana da hujja, domin ba na so in raba ta da abinci mai amfani saboda tsorona. Ta yaya uwa za ta bambance jan da tsami yake sawa da farkon irin abin da ya same ni? Haka kuma wata maƙwabciyata mai ciwon gwiwa ta ga a intanet ana cewa dangin tumatir suna kawo ciwon gaɓoɓi, tana so ta bi sahuna ta daina ci. Likitan da ya duba ni ya ce babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan wannan, na kuma gaya mata haka, domin ni ban ɗauki tumatir guba ba, abinci ne mai albarka ga mafi yawan mutane, jikina ne kawai ya ƙi shi. Zai yi kyau ta ji daga bakinka.

Roƙona na ƙarshe shi ne idan za ka karanta wannan wasiƙa a shirinka ka sakaya sunana, ko da yake na san mutanen gidanmu za su gane ni tun daga sakin layi na farko. Hajiya ba ta bari shirinka ya wuce ta, takan sa a ɗauko mata rediyo ta ajiye a gefen darduma, ta hana yara surutu har a gama, kuma abin da ka faɗa tana riƙe shi da muhimmanci. Babu abin da na rubuta a nan da ba zan iya faɗa a gabanta cikin ladabi ba. Ina so ka yi mata bayani da irin harshen da kake yi wa iyayenmu magana, cewa wannan lalura ce sananniya a asibiti, tana da suna, tana da dalili, kuma babu hannun kowa a ciki, ko Allah zai sa ta saki ranta, abokiyar zamana kuma ta fita daga zargi kafin lokacin haihuwata ya zo, domin a hannun su biyun zan yi jego.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya da basira.

Wassalam.

Daga mai sauraronka a kullum,
wata uwa a Zariya.